Bekin soda: A wanke kan batir da shi, amma a daina tura wa su Mama bidiyon shan sa

Akwai wata dattijuwa a layinmu a Kamazou, ta wajen titin Yakowa, da duk yaran unguwa ke kira Mama. Ta haura shekara sittin, ta yi ritaya daga koyarwa, kuma ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Ni nake saka mata data, ni nake duba mata waya idan ta cushe. Wata Asabar ta aiko a kira ni, wai hotuna sun cika wayar. Ina shiga na tarar ta ɗora ƙafa a kan kujera 'yar tsuguno, ƙafafun sun kumbura har silifas ya yi shata a kansu.

Na ce, "Mama, lafiya ƙafar nan kuwa?"

Ta ce, "Tsufa ne, ɗana. Amma ka ga ƙwannafin nan da ke hana ni barci, ya tafi. Ƙanenka na Abuja ya turo mini magani a waya."

Ina share hotunan na ci karo da maganin. Bidiyo ne da bai kai minti ɗaya ba. Wata mata ce sanye da farar riga irin ta asibiti, tana cewa a zuba cokali guda na bekin soda a ruwan ɗumi a sha safe da dare, wai yana wanke ciki, ya narkar da tumbi, ya gyara ƙoda. Mama ta kusa mako uku tana yi. Ran Litinin na raka ta asibiti. Likita ya auna jininta ya tarar ya hau sosai, ya ce ta daina shan garin nan take, ya tura ta gwajin ƙoda. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya fara sauka.

Ɗanta bai yi da mugun nufi ba. Tausayin uwa ne ya sa ya tura. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, domin irinsa muke da yawa. A gidaje da dama yanzu, mai riƙe da babbar waya shi ne ya zama kemis ɗin gida ba tare da ya sani ba. Ra'ayina a kan bekin soda shi ne: a jikin kaya, a yi amfani da shi hankali kwance, a fatar mutum da haƙoransa, a yi taka-tsantsan, a cikin cikin wanda ya haura hamsin kuwa, sai da sanin likita.

Abin da ke cikin cokali guda

Sunan garin a kimiyyance sodiyum baikabonet. Kalmar farko ita ce abin lura. Sodiyum shi ne ɓangaren gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bekin soda sodiyum ne. Ƙaramin cokalin shayi guda yana ɗauke da kusan miligiram 1,260. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a rana, wato kimanin giram 5 na gishiri. Ke nan cokali biyun da Mama ke sha sun kai wajen miligiram 2,500, sun zarce ƙa'idar yini guda tun ba a lissafa gishirin miya da dunƙule da busasshen kifi ba. Likita ya hana ta gishiri, ta kuma bi, sai ga gishirin ya dawo ta taga da wani suna. Harshe ma ba zai gane ba, tunda ɗanɗanonsa bai kai na gishirin girki ba.

Gaskiya ne yana kwantar da ƙwannafi, kuma nan take. Idan ya haɗu da asid ɗin ciki sai ya kashe kaifinsa, ya fitar da iskar kabon dayoksaid, mutum ya yi gyatsa ya ji sakayau. Wannan saurin ne ke sa a yarda da sauran ƙaryar da ke cikin bidiyon. Amma su kansu masu sayar da shi sun fi 'yan TikTok tsoro. A jikin kwalin Arm & Hammer, na kamfanin Amurka da ya fara sana'ar tun 1846, an rubuta ma'aunin rabin ƙaramin cokali a cikin rabin kofin ruwa. An ce wanda ya haura shekara 60 kada ya wuce rabin cokali sau uku cikin awa 24, kusan rabin abin da aka yarje wa masu ƙarancin shekaru. An ce kada a wuce mako biyu ana shan iyakar ma'aunin, a bari garin ya narke gaba ɗaya kafin a sha, kuma kada a sha idan ciki ya cika dam. Dalilin na ƙarshen shi ne iskar da ke tasowa a tumbin da ya riga ya cika tana iya yaga shi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma likitoci sun rubuta waɗanda ya faru da su. Haka kuma an ce duk wanda aka hana gishiri ya tambayi likita tukuna. A cikin bidiyon da aka turo wa Mama babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Me ya sa shekaru suka shigo ciki? Ƙoda ce ke tace rarar sodiyum da rarar baikabonet ta zubar a fitsari, kuma ƙarfinta yana raguwa a hankali tun daga wajen shekara arba'in. Ciwon suga da hawan jini suna ƙara gajiyar da ita. Jinin mutum yana zama ne a ɗan ƙaramin tsakani, 7.35 zuwa 7.45 a ma'aunin pH. Idan baikabonet ya taru ya ture shi sama, sinadarin potasiyum yana faɗuwa, sai a ga kasala, ɗaurewar tsoka, rikicewar tunani, har bugun zuciya ya birkice. Ga kuma magunguna. Dattijo ba ya rasa ƙwaya biyu ko uku da yake sha kullum, shi kuwa bekin soda yana rage shigar wasu cikin jini, kamar maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon, yana kuma iya narkar da rufin ƙwayar da aka yi don ta wuce tumbi kafin ta buɗe. Abin da ɗan shekara ashirin da biyar zai sha ya kwana lafiya, shi zai iya kwantar da uwarsa.

Mun san wannan labarin tun daga kanwa

Bekin soda ɗan'uwan kanwa ne na jini. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da Jamhuriyar Nijar, akasarinta haɗin sodiyum kabonet da sodiyum baikabonet ne. Shi ya sa dukansu ke sa wake saurin nuna. A shekarun 1970, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ciki har da Farfesa Eldryd Parry da Dakta Davidson, sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza a lokacin haihuwa ko bayanta, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun danganta yawan cutar a yankin da kunun kanwa mai yawa da ake ba mai jego, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan ma, amma darasin farko yana nan daram: zuciyar da ke fama, idan aka yi mata lodin sodiyum, nauyi aka ƙara mata. Yau yarinya 'yar jami'a za ta hana yayarta kunun kanwa, sannan ta tura wa babarta bidiyon bekin soda don an yi shi da Turanci.

Wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 zai tuna daren da wayoyi suka yi ta ƙara kafin gari ya waye, ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kauce wa Ebola. Mutane sun tashi iyayensu daga barci saboda ƙauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu a Najeriya sakamakon shan ruwan gishirin, wasu kuma sun kwanta a asibiti. A lokacin wayoyin zamani ba su kai yawan na yanzu ba.

Iƙirarin cewa bekin soda yana maganin kansa ma yana da mai shi. Wani tsohon likitan Italiya ne, Tullio Simoncini, wanda aka soke lasisinsa, kuma a 2018 wata kotu a ƙasar ta yanke masa ɗaurin sama da shekara biyar bayan mutuwar wani matashi da aka yi wa ƙarin ruwan baikabonet. Har yau ana yanko maganganunsa ana ɗora musu sabuwar murya.

Inda garin yake da amfani na gaske

Kada a ce na tsane shi. Ina da shi a ɗakina, kuma ga inda yake biyan kuɗinsa.

Kan batirin inbata, na sola ko na mota, irin mai ruwan asid. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kan sandunan yana hana wuta wucewa yadda ya kamata. A kashe inbata, a cire zobe da agogo, a sa safar hannu, a kwance wayar nagetif kafin ta fozitif. A dama babban cokali guda a kofin ruwa, a goge da tsohon buroshi. Zai yi kumfa, alamar yana kashe asid ke nan. Kada ko ɗigo ya shiga ramin ruwan batir, domin zai raunana shi. A share, a bari ya bushe, a shafa ɗan basilin, a mayar da fozitif kafin nagetif. Kada a kusanto da wuta ko sigari, saboda irin wannan batir yana fitar da iskar da ke kamawa. Wannan aiki ne da ya kamata matashi ya karɓa daga hannun Baba, batir yana da nauyi kuma asid ba ya wasa da ido.

Rimot ko tocilan da batir ya zube a ciki kuwa, a duba jikin batirin tukuna. Idan an rubuta Alkaline, abin da ya zubo ba asid ba ne, bekin soda ba zai yi masa komai ba, auduga da ɗigon lemon tsami ko ruwan khal ake sa wa. Idan batir mai araha ne irin na da, mai zinki da kabon, nan ne ɗan bekin soda ke aiki.

A kicin, yana rage warin firjin da ya kwana biyu babu wuta, bayan an wanke shi. Yana cire shatar shayi a kofi da fulas, yana tausasa ƙanzon da ya kama tukunyar silba idan aka jiƙa. Amma yana dusar da tukunyar alminiyom ya bar mata baƙi-baƙi. Haɗa shi da ruwan khal da ake nunawa a bidiyo yana da kyan kallo, sai dai kumfar nan alama ce ta cewa sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kada a rufe haɗin a gora, za ta fashe. Kuma kada a taɓa haɗa ruwan khal ko lemon tsami da bilic irin su Hypo, iskar kulorin ke fitowa, ita kuwa a rufaffen banɗaki tana iya shaƙe mutum.

Ita kuma waya, a nesanta ta da shi. Ana yawan nuna cewa kwaɓaɓɓen bekin soda yana goge ƙarzuwar sikirin. Taurinsa kusan 2.5 ne a ma'aunin Mohs, gilashi kuwa ya haura 5, don haka ba zai iya goge ƙarzuwar gilashi ba. Abin da zai cinye shi ne siririn rufin da ke hana shatar yatsa zama, sannan garin ya shige ramin caji da sifika ya daskare. Kamfanin Apple ma cewa ya yi a guji duk abin da ke kankara, a yi amfani da tattausan ƙyalle, in ta kama a sa barasar goge-goge mai ƙarfin kashi 70. Haka tabarau ɗin karatu na su Baba, yawancinsu roba ce mai rufi, gogewa ɗaya ta isa ta sa su hazo.

Fata da haƙora

Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, shi ke tsare ta daga bushewa da ƙwayoyin cuta. Ruwan bekin soda yana wajen 8.3. Fatar dattijo ta riga ta yi siriri, maiƙonta ya ragu, ga hunturu da jar ƙurar Kaduna. Dirje fuska ko hammata ko gwiwa da shi, musamman da lemon tsami don a yi haske, yana jawo ƙaiƙayi da tsagewa, kuma baƙar fata idan ta ji rauni tabo mai duhu take bari. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Mai ciwon suga kuma kada ya ɗauki shawarar jiƙa ƙafa daga bidiyo, domin jijiyoyin ƙafarsa na iya daina jin zafi, ƙaramin faso ya zama gyambo bai sani ba.

A haƙora, shi kaɗai ba shi da kaushi sosai, ana ma saka shi a wasu man goge baki. Matsalarsa biyu ce. Ba shi da fuloraid da ke hana ruɓewa, don haka ba ya maye gurbin makilin. Sannan idan aka matsa masa lemon tsami, tsamin yana cin ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa. Da yawan manya dasashinsu ya ja baya, saiwar haƙori ta fito, ita kuwa ta fi saurin lalacewa.

Akwai haɗarin da ya fi waɗannan, shi ne na suna. A kasuwa kalmar "soda" tana nufin abubuwa da yawa. Akwai bekin foda na yin kek, wanda aka haɗa da garin asid da sitaci. Akwai sodar wanki. Akwai kuma kostik soda da masu haɗa sabulun ruwa ke saya, wadda ke ƙona baki da maƙogwaro har mutum ya kasa haɗiye abinci. A kasuwar Sabon Tasha ko ta Sheikh Abubakar Gumi, duk ana iya ba ka su a ƙulle a farar leda babu rubutu. Ka tuna idon tsoho, ka tuna an ɗauke wuta, ka tuna jikoki na yawo a tsakar gida. Duk wanda za a sa a abinci, a saye shi a kwali ko gwangwani mai lambar NAFDAC. Kostik soda kuwa a rubuta mata suna da manyan baƙaƙe, a kulle ta nesa da kicin.

Abin da za a ce mini

Na san wani zai ce asibiti kuɗi ne, layi ne, kuɗin keke ne zuwa Sabon Tasha ko Kakuri, alhali garin nan ɗan canji ne. Ban musa ba. Amma kwana uku a gadon asibiti, ko wankin ƙoda sau biyu a mako, ya ninka kuɗin ganin likita sau nawa? Wani kuma zai ce ai likitoci da kansu suna rubuta wa masu ciwon ƙoda ƙwayar sodiyum baikabonet. Haka ne, suna yi, ga wanda gwajin jini ya nuna asid ya yi masa yawa, da ma'aunin da suka ƙayyade, suna kuma sake gwaji. Daga wannan gaskiyar ce masu bidiyo suka yanko rabi suka zubar da rabi.

Babban abin tsoro shi ne garin yana rufe bakin alama. Ƙwannafin da ya ƙi tafiya a jikin wanda ya manyanta yana iya zama gyambon ciki. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ke warkar da shi. Yana iya zama illar magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac da tsofaffi ke saya a kemis. Yana iya zama ciwon zuciya da ya zo da kamannin ƙwannafi. Idan zafin ƙirji ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi, asibiti za a nufa nan take. Haka idan bayan gida ya yi baƙi, ko aka yi aman jini, ko haɗiya ta yi wuya, ko mutum yana ramewa babu dalili.

Aikin mai riƙe da waya

Kafin ka danna tura, ka tambayi kanka abu uku. Shekarar wanda zan tura wa nawa? Yana da hawan jini, suga, ciwon ƙoda ko na zuciya? Wane magani yake sha? Idan ba ka da amsa, ka ajiye. Ka tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, don haka "Baba lafiyarsa ƙalau" ba amsa ba ce.

Ka koya musu alamar kibiya biyu da WhatsApp ke saka wa saƙon da ya ratsa hannu da yawa. Tun Afrilun 2020 kamfanin ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa waje ɗaya a lokaci guda, saboda ya san irin kayan da ke tafiya ta nan. Farar riga ba shaidar likita ba ce, kuma yanzu ana haɗa fuska da murya da ƙirƙirarriyar basira. Ka duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun taɓa magana a kai. Idan ka ga bidiyon a guruf ɗin iyali, ka yi magana a nan cikin ladabi, kada ka yi dariya ka wuce.

In kana son yi wa iyaye hidima da fasaha, ka saya musu na'urar awon jini ta dijital mai ɗaurawa a damtse. Ka koya musu zama minti biyar kafin awo, ka rubuta lambobin a waya, in suna kai 140 bisa 90 a kai a kai ku je da rubutun wajen likita. Ka ɗauki hoton duk magungunansu ka ajiye, ka saita musu ƙararrawar shan magani. Don ƙwannafi kuma, a ci tuwon dare awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, a rage mai da yaji, a ɗaga kan gado.

Sauran garin Mama yana wajena. Da shi na wanke mata kan batirin sola makon jiya. Tana zaune tana kallon kumfar, sai ta ce, "Ɗana, wannan abin ne na yi ta zuba wa cikina?" Na ce shi ne, Mama. Ta miƙo mini wayar ta ce in kira mata ƙanena na Abuja, kuma in tsaya a wurin, domin tana so ni ma in yi masa bayani.